Ɗana ya je karatu Landan ya canza, in dawo da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Yarona ya tafi karatu Landan, wata tara ke nan. Hotunan da yake turo wa mahaifiyarsa babu hula babu kaftani. Ya ce yana kiran malaminsa ma da sunansa gatsal. Akwai wata tsohuwa Kirista maƙwabciyarsa da ke ba shi abinci, shi kuma yana yi mata cefane. Wanda ya fi tsaya mini a rai, ya ce yanzu haɗa Magariba da Isha'i yake yi. Malam, anya yaron nan bai fara lalacewa ba? In dawo da shi gida?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan kishi. Sai dai ka zuba abubuwa huɗu a ƙwarya ɗaya, alhali uku al'ada ce da mu'amala, ɗaya kaɗai ne ibada.

Hula da kaftani suturar Kano ce, kuma muna son kayanmu. Abin da shari'a ta nema shi ne a rufe al'aura, kada tufa ta zama ta alfahari, kada kuma ta zama alamar wani addini. Tirmizi ya ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Annabi (SAW) ya sa jabba ta Rumawa mai matsattsun hannuwa. Wanda ke fita cikin sanyin da hunturun Kano bai kama ƙafarsa ba, ba za a ce ya saɓa don ya sa rigar mutanen garin ba. Haka kiran malami da sunansa. A nan yaro ya yi haka mari zai sha, a can malamin ne da kansa ke neman a kira shi hakan. Girmama malami wajibi ne, amma yadda ake nuna girmamawar kowane gari da nasa. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya gargaɗi mai fatawa a littafinsa Al-Furuƙ cewa idan mutumin wata ƙasa ya zo da tambaya, kada ya ɗora shi a kan al'adar garinsa, ya tambaye shi al'adar ƙasarsu. Sai ka ja masa kunne kada ya dawo Kano ya kira kawunsa da suna.

Batun tsohuwar nan kuwa, ni daɗi na ji. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu don addini ba, ba su kuma kore mu daga gidajenmu ba. Annabi (SAW) ya je duba yaron Bayahude da ba shi da lafiya, kamar yadda Buhari ya kawo. Ɗanka ya ci abincin tsohuwar, amma ya gaya mata cikin ladabi cewa ba ya cin alade, ba ya cin abin da aka zuba wa giya, shi ma kada ya sayo mata su a cefanen. Nama kuma ya tsaya a mahautan halal, Landan cike take da su.

Yanzu sallah, nan ne wurin tsayawa. Kai a Kano rana takan faɗi daga wajen shida zuwa bakwai duk shekara, ka yi Isha'i kafin takwas da rabi ka kwanta. A Landan, a watan Yuni, sai wajen tara da minti 20 na dare rana ke faɗuwa, masallatai su yi Isha'i kusan sha ɗaya, asuba ta shigo kafin ƙarfe 3. Ga aji da safe. Wannan wahala ce ta gaske, ba lalaci ba.

Ɗanka ya sani shi ba matafiyi ba ne. A mazhabarmu, wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 hukuncin tafiya ya sauka daga kansa, don haka babu ƙasaru, babu haɗin matafiyi. Abin da ya shahara a Malikiyya kuma shi ne mazauni ba ya haɗa salloli sai da uzuri irin ruwan sama ko rashin lafiya. Amma Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i, a Madina ba tare da tsoro ko ruwa ba. Da aka tambayi Ibnu Abbas dalili, sai ya ce don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. A kan wannan ne Ibnu Sirin da Ashhab, almajirin Imam Malik, suka halatta haɗi saboda buƙata, matuƙar ba a mai da shi ɗabi'a ba. Majalisar Fatawa ta Turai ma ta ba da wannan sauƙi a irin waɗannan watanni.

Abin da nake gani: ya halatta ya haɗa a makonnin da dare ya gajarce, a ranakun da jiran Isha'i zai sa ya makara asuba ko ya kasa karatu. Ranar hutu ya jira lokaci. Da dare ya fara tsawo, uzuri ya tafi. Ka kuma shaida masa wahalar kiyaye sallah tana Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba su riske shi yana cikin makaranta. Ya nemi ɗakin sallah tun yanzu.

Kada ka dawo da shi a kan waɗannan. Yaron da ya gaya wa ubansa yana haɗa sallah, ai yana sallar ke nan. In ka kira shi, bar zancen hula, ka tambaye shi wane masallaci yake Juma'a, su wa yake zama da su, kuma wa ya ba shi fatawar haɗin.

Wallahu a'alam.