Haƙorin Hankali da Ya Maƙale: Yaushe Ake Cire Shi, Yaushe Ake Ƙyale Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce a Kongo da ke Zariya, shekaruna 24. Tun bara haƙorina na can ƙarshe, na ƙasa ta hannun dama, yake damuna. Sau uku dasashin wurin yana kumbura, kuma a na ƙarshen sai da na yi kwana biyu ban iya buɗe baki sosai ba. Duk lokacin da ya tashi nakan sayi magani a kemis in sha ya lafa. Da na je asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce haƙorin a karkace yake, ya tokari na gabansa, sai an yi aiki an cire. Mahaifiyata ba ta yarda ba, ta ce ba a cire haƙorin da bai yi kogo ba, kuma cire haƙori yana taɓa ido. Hoton ya nuna na hagu ma yana binne cikin ƙashi, amma shi bai taɓa yi mini ciwo ba. Ina neman ƙarin bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bisa abin da kika bayyana, ina ganin shawarar likitanki a kan haƙorin dama tana kan hanya, na hagu kuwa hukuncinsa daban ne. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne abin da ya kamata ki fahimta kafin ki koma wajen Hajiya, domin maƙalewar haƙori ita kaɗai ba ta isa dalilin cire shi ba, ɓarnar da yake yi ita ake dubawa.

Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun cika, kuma a kowane ɓangare, sama da ƙasa, akwai turame uku. Na farko yana fitowa a wajen shekara 6, na biyu a wajen shekara 12, na uku kuma, wanda ake kira haƙorin hankali, yakan leƙo ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, lokacin da muƙamuƙi ya kusa gama girma kuma sauran haƙora sun riga sun kama wurarensu. Shi ne baƙon da ya zo bayan an gama rabon ɗakuna. Idan ya tarar da fili sai ya fito a tsaye ya yi aikinsa na tauna kamar kowane turmi, kuma akwai mutane da yawa da nasu ya fito lafiya, akwai kuma waɗanda ba a halicce su da shi ba ko kaɗan. Idan bai sami fili ba sai ya tsaya a hanya: wani ya sunkuya gaba ya doki turmi na biyu, wanda shi ne aka fi gani kuma da alama irin naki ke nan, wani ya kwanta sambal, wani ya juya baya, wani kuma ya tsaya a miƙe amma ƙashi ko dasashi ya danne shi. An fi samun wannan a muƙamuƙin ƙasa.

Abin da ke faruwa da na damanki ya samo asali ne daga fitowar rabi da rabi. Kan haƙorin ya huda dasashi, amma wani leɓen nama ya rage a kansa kamar murfin tukunyar da bai rufu ba. Ƙarƙashin wannan naman akwai ɗan aljihu da guntun tuwo, nama da ƙwayar shinkafa suke shigewa, kuma babu asuwaki ko buroshin da ke isa can ya share. Ƙwayoyin cuta sai su sami wurin zama mai ɗumi da abinci, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, wani lokaci mugunya ta riƙa tsattsafowa da ɗanɗano marar daɗi. Da zarar naman ya kumbura, haƙorin sama sai ya riƙa cizon sa a duk lokacin da aka rufe baki, kumburin ya ƙaru. Kasa buɗe bakin da kika yi kuwa alama ce ta cewa kumburin ya kai ga tsokar da ke motsa muƙamuƙi, wato ciwon ya fara wuce dasashi, kuma wannan ne ya fi jan hankalina a duk bayaninki.

Magungunan da ake saya a kemis, irin su Amoxil da Flagyl, suna kashe ƙwayoyin cutar na ɗan lokaci, amma aljihun yana nan, abinci zai sake shiga, ciwon zai dawo. Ke ma shaida ce, tunda sau uku ya tashi. Yawan shan su ba bisa ƙa'ida ba kuma yana sa ƙwayoyin cuta su saba da su, ta yadda ranar da ake matuƙar buƙatarsu ba za su yi aiki yadda ake so ba.

Maganar Hajiya cewa haƙorin bai yi kogo ba tana iya zama gaskiya, sai dai kogon da muke jin tsoro sau da yawa ba a jikinsa yake fitowa ba. Inda kan haƙorin hankali ya tokari bayan turmi na biyu, nan ne abinci yake maƙalewa shekara da shekaru, kuma nan ne ruɓewa take farawa a jikin turmi na biyun, can ƙasa kusa da saiwa, wurin da madubi ba ya nunawa kuma cikewa take da wahala. Abin da ya fi ba ni takaici a wannan aiki shi ne mutum ya yi ta haƙuri da haƙorin da ba ya tauna masa komai, har ya zo a lokacin da ba makawa sai an cire biyu, shi da maƙwabcinsa mai amfani. Ban da wannan, ƙashin da ke riƙe da turmi na biyu yakan zaizaye ta wannan gefen. Akwai kuma abin da ba a cika gani ba: jakar da haƙorin ya girma a cikinta takan tara ruwa ta zama ƙunshi, ta yi ta cin ƙashin muƙamuƙi a hankali ba tare da ciwo ba, sai hoto ya tona ta.

Wannan ya kawo mu ga na hagu. Haƙorin da ke binne gaba ɗaya cikin ƙashi, ba shi da ƙofar da ta haɗa shi da baki, bai taɓa ciwo ba, kuma hoto bai nuna wata ɓarna a kewayensa ba, yawanci ƙyale shi ake yi ana sa masa ido. A shekarar 2000 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar a daina cire haƙoran hankali masu lafiya don rigakafi kawai, ta kuma ce kumburin dasashi karo ɗaya, idan bai yi tsanani ba, bai isa hujjar aiki ba, amma na biyu da abin da ya biyo baya ya isa. Likitocin Amurka sun fi saurin cirewa tun mutum yana matashi, da hujjar cewa aikin ya fi sauƙi a lokacin. Ni na fi karkata ga ra'ayin farko, amma a kan haƙorinki na dama duka ɓangarorin biyu bakinsu ɗaya ne.

Batun ido kuwa, ki kwantar wa Hajiya da hankali. Jijiyar gani daban take da jijiyoyin haƙora, kuma cire haƙori, na sama ko na ƙasa, ba ya rage gani. Mai yiwuwa maganar ta samo tushe ne daga yadda ciwon haƙorin sama kan kumbura fuska har ido ya rufe, alhali barin ciwon ne ya jawo hakan. Jijiyoyin da ya dace ki tambayi likita a kansu guda biyu ne. Ɗaya tana bi ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, kusa da saiwoyin haƙorin hankali, ita ke kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa. Ɗayar tana bi ta gefen harshe. Idan aka taɓa su yayin aiki, leɓe ko gefen harshe kan yi sanyi kamar allura ba ta sake shi ba. A mafi yawan lokuta jin yana dawowa cikin makonni ko watanni, a 'yan kaɗan kuma yakan dawwama. Saboda haka ne ake ɗaukar hoton da ke nuna muƙamuƙi baki ɗaya kafin a taɓa komai, kuma idan aka ga saiwar ta rungumi jijiya, akan yanke kan haƙorin kawai a bar saiwar a wurinta. Shekarunki suna taimaka miki a nan, domin ƙashin mai shekara 24 ya fi na mai 40 sassauci, kuma rauni ya fi saurin warkewa.

Aikin kansa yawanci a kan kujera ake yi, da allurar kashe zafi a wurin, kina farke. Za ki ji dannawa da ƙarar na'ura amma ba zafi ba. Ana ɗaga dasashi, a rage ɗan ƙashin da ya danne haƙorin, sau da yawa a raba haƙorin gida biyu ko uku a fitar da shi guntu-guntu, sannan a ɗinke. Irin wannan aiki na likitan haƙori ne mai ƙwarewa a kansa, kuma a nan Zariya akwai sashen tiyatar baki da muƙamuƙi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ba aikin wanzami ba ne, domin haƙorin da ya tokari wani ba ya fita da ƙarfin ja, sai dai ya karye ya bar saiwa. Kafin a fara, ki faɗa wa likita idan kina da juna biyu, sikila, ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, ko kina shan maganin tsinka jini.

Bayan aikin, kumburi yakan kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku sannan ya fara sauka, don haka kada ki sa ranar aikin a makon jarrabawa. Gudan jinin da zai taru a ramin shi ne murfin raunin, kuma kiyaye shi ne babban aikinki: ki cije audugar da aka sa miki kamar minti 30, kada ki kurkure baki ko ki yi ta tofar da yawu a ranar farko, kada ki zuƙi abin sha da bututu, ki tsaya kan koko ko kunu da ya huce da sauran abinci mai laushi. Bayan awa 24 sai ki fara kurkura a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Idan gudan jinin ya fita, ƙashi yakan tsiraita, a ji wani zafi mai zurfi da ke harbawa har kunne bayan kwana uku zuwa biyar, abin da ya fi samun masu shan taba. Ana maganinsa a asibiti cikin sauƙi, sai a koma kawai.

Kafin ranar aikin, ruwan gishiri mai ɗumi da goge wurin a hankali za su taimaka. Kanumfari yana rage zogi na ɗan lokaci, amma kada ki danna ƙwayar asfirin, jar kanwa ko ruwan batir a kan dasashi, ƙona naman suke yi. Idan kuwa kumburin ya dawo ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko haɗiyar yawu ta yi wuya, ko kika ji harshenki yana ɗagowa numfashi yana ƙuntata, to kada a jira gari ya waye ko a tsaya a kemis. Ciwon haƙorin ƙasa yana iya bazuwa ƙarƙashin harshe ya toshe hanyar iska cikin 'yan awoyi, kuma sashen gaggawa ne kaɗai wurinsa. Ranar da za ki koma ganin likita, ina ba ki shawara ki tafi tare da Hajiya, a ɗora hoton a gabanta a nuna mata daidai inda haƙorin ya tokari ɗan'uwansa.