Hoton huhu da iskar zenon: abin da yake gani wanda CT ba ya gani

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana direba ne a nan Jidda. Tun da ya yi korona, da ya hau bene sai haki, amma an yi masa hoton CT an ce huhunsa lafiya ƙalau. Ɗanmu ya ce akwai wani hoton MRI da ake shaƙar wata iska kafin a ɗauka. Mene ne shi, kuma mu nema?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Ɗanku ya yi gaskiya, akwai shi.

MRI da muka saba da shi sinadarin haidirojin da ke cikin ruwan jiki yake karantawa. Huhu kuwa galibinsa iska ne, shi ya sa yake fitowa duhu. Sai masana suka ce to a sa ita iskar ta fito a hoto. Ana haɗa iskar zenon-129 da tururin wani ƙarfe mai suna rubidiyom, a haska su da lesa har ƙwayoyin zarrarta da yawa su fuskanci wuri guda cikin maganaɗisu. Siginar da take ba na'urar MRI takan ninka sau dubbai. A 1994 aka fara gwada shi a huhun ɓera a Amurka. An daɗe ana amfani da wata iskar, hiliyom-3, amma ta yi ƙaranci da tsada, aka koma kan zenon.

Ana kawo iskar a 'yar jakar leda, ba ta wuce lita ɗaya ba. Mutum na kwance cikin na'ura ya zuƙe ta, ya riƙe numfashi daƙiƙa 10 zuwa 15, shi ke nan. Dole a yi sauri, don oksijin na kashe siginar. Muryarsa za ta yi kauri, wani ya ji ɗan jiri ko leɓɓansa su yi nauyi, amma cikin mintuna kaɗan ya wuce. Babu tururin radiyeshan irin na CT.

Inda ya shafe ku shi ne zenon ba ta tsayawa a jakunkunan iska. Tana ratsa bangonsu ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, hanyar da oksijin ke bi, kuma a kowane zango siginarta daban take. CT ginin huhu yake nunawa, wannan kuwa aikinsa. A 2021 masu bincike a Oksfod da Shefild na Ingila sun ga iskar ba ta shiga jini yadda ya kamata a wasu da suka warke daga korona, alhali CT ɗinsu bai nuna wani abin a zo a gani ba.

Sai dai ni ban ga dalilin ku fara da shi ba. Sai a Disamba 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, kuma cibiyoyi ƙalilan ne a duniya ke da na'urar shirya iskar. Ku nemi likitan huhu ya yi wa maigida gwajin hura iska da wanda ake kira DLCO, mai auna yadda iska ke shiga jini. A duba zuciyarsa da yawan jininsa, a tabbatar babu gudan jini a jijiyoyin huhu. In hakin yana ƙaruwa ranar da ƙura ta taso, ku gaya wa likitan, don asma ma ba ta cika fitowa a CT ba.