Ɗauki murfin tukuna, yaro

Jiya ka ce min, "Maigida, in wani ya ce in zaɓar masa tukunyar firesha mai aminci, me zan duba?" Hannuna na cikin aiki, ban amsa ba. To, jawo kujera.

Na sha ganinka, da an miƙo maka tukunya ƙyallinta kake fara kallo, sai ka ƙwanƙwasa cikinta ka ji ƙara. Ba can maganar take ba. Ɗauki murfin. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya digiri 100 yake tafasa, ko itacen duniya ka tura ba zai wuce nan ba. In ka kulle tururin har matsinsa ya kai abin da ake rubutawa 15 psi, wato kusan 100 kPa, zafin yakan haura wajen 121. Wannan ƙarin ne yake sa abin da kan ci awa biyu a wuta ya nuna cikin ƙasa da awa guda. Amma tururin da aka kulle sai an bar masa mafita. Bafaranshen nan Denis Papin da ya ƙera irin wannan tukunya a 1679 ya gane haka, shi ya sa ya ƙara mata bawul ɗin kariya, wato 'yar ƙofar da ke sakin tururi in ya yi yawa. Har gobe aikin ke nan.

Saboda haka ƙirga mafita. Ta farko ita ce usur ɗin nan mai nauyi da ke zaune kan bututu, ko bawul mai sifirin a sababbin ƙira. Cire shi, ka ɗaga murfin ka hangi haske ta bututun. In ramin ya karkace ko bakinsa da kaushi, ajiye. Ɓawon wake guda ɗaya ya isa ya toshe wannan rami, kuma ranar da ya toshe mafita ta biyu ce za ta ceci mai girki: ɗan bawul ɗin da ke gefe, wani na roba ne da ke tashi, wani kuma ƙarfe ne mai laushi da ke narkewa in zafi ya yi yawa ko ruwa ya ƙone. Wasu murafan har da 'yar taga a gefensu, inda robar murfi za ta bulluƙo ta saki tururi in sauran sun gaza. Tukunyar da ba ta da ta biyun nan, ko kyauta aka ba ka kada ka kai wa kowa.

An taɓa kawo min wata, ɗan bawul ɗinta ya narke, wani gwani ya ɗaure ramin da kusa da noti, tsaf, har ya goge. Mai ita tana murna ta daina yoyo. Da na buɗe, bututun ma rabi a toshe yake da busasshen kitse. Allah ne kawai ya tsare. Duk ranar da na kama ka da irin wannan gyara, mun ɓata.

Sai makulli. Murfin kirki ba ya buɗuwa muddin akwai matsi a ciki. Ko dai yana da ɗan fil da ke tashi ya kama hannun, ko kuma irin mai shiga ta ciki ne, wanda tururin da kansa ke danne shi da bakin tukunya. Rufe, buɗe, sau uku ko huɗu. Ya kamata ya zame ya zauna ba kokawa, ba kuma girgiɗi. Girgiza mariƙin ma ka ji ko zai motsa.

Jikin tukunyar ba ya buƙatar dogon bayani. Alminiyam ya fi sauƙin ɗauka da saurin ɗaukar zafi, sai dai tsami yana cinsa, yana kuma lotsewa. Sitil marar tsatsa, wanda za ka ga an buga masa 18/10, ya fi daɗewa, amma shi kaɗai ba ya rarraba zafi da kyau, don haka juya gindin ka tabbata mai kauri ne da aka yi wa shimfiɗar alminiyam a tsakiya. In murhun mutum na lantarki ne mai aiki da maganaɗisu, manna mayen ƙarfe a gindin. In bai kama ba, ba za ta yi masa ba.

Girma kuwa nan mutane ke yaudarar kansu. Ba a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, abin da ke kumbura ko kumfa kuwa rabi ne iyaka. Ka ga mai lita 6 aikin lita 4 take yi. Gaya wa mai saye wannan tun bai biya ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne robar murfi. Ita ke fara mutuwa, shekara ɗaya ko biyu ta taurare ko ta saki, kuma kowane kamfani da tasa ƙirar, ta wannan ba ta hawa wancan. Shi ya sa nake son in ga suna da lambar samfuri a buge a jikin ƙarfen, ba takardar da ruwa zai ɗaye ba. Irin su Prestige, Hawkins, Tefal da Fissler suna sayar da roba da bawul daban. Ba wai sunan ne ke dafa abinci ba, jabu ma suna sa suna. Amma kafin ka ce wa mutum "ɗauki wannan", tambayi mai sayarwa ya nuna maka robarta a hannu. In ya fara kame-kame, tukunyar ta shekara ɗaya ce.

Ta lantarki wata magana ce, matsinta bai cika kai na murhu ba, gyaranta kuma na masu aikin lantarki ne. Za mu zo kanta.

Yanzu miƙo min murfin can da aka kawo da safe, ka gaya min mafita nawa ka gani.