Shin rikicin Bahar Maliya ne ya jawo mana tsadar kaya?

Tambaya daga wani manomi a wani ƙauye kusa da Gumel: Malam, kullum rediyo na maganar hare-haren jiragen ruwa a Bahar Maliya. Ina tekun yake, kuma shi ne ya sa kaya suka yi tsada a kasuwar Maigatari?

Malam, sannu da ƙoƙari. Bahar Maliya shi ne ruwan da ya raba Afirka da ƙasar Larabawa, wanda kakanninmu masu zuwa Hajji da ƙafa suke tsallakawa daga Suwakin ta Sudan zuwa Jidda. Masar, Sudan, Eritiriya da Jibuti suna gaɓar yamma, Saudiyya da Yaman suna gabas. Dogo ne siriri: tsawonsa kamar kilomita 2,250, faɗinsa kuwa inda ya fi faɗi bai wuce 355 ba. Babu wani kogi da ke zuba masa ruwa duk shekara, ga zafin rana, shi ya sa gishirinsa ya fi na yawancin tekuna.

Amma abin da ya sa manyan ƙasashe suka zuba masa ido shi ne ƙofofinsa. Ka ɗauke shi kamar zaure mai ƙofa biyu. Ta arewa ita ce mashigin Suwez na ƙasar Masar da aka haƙa aka buɗe a 1869, wanda ke fitar da jirgi zuwa Bahar Rum. Ta kudu ita ce Babul Mandab, tsakanin Yaman da Jibuti, wadda faɗinta bai wuce kilomita 30 ba, kuma tsibirin Mayyun ya tsaga ta biyu. Jirgi mai ɗauke da dubban kwantena da ke son gajeriyar hanya tsakanin Asiya da Turai dole ya bi ta wannan matsatsi, gaɓar Yaman na kallonsa. Nan 'yan tawayen Huthi na Yaman suka samu dama: a Nuwamban 2023 suka kame jirgin Galaxy Leader, manyan kamfanoni suka koma zagayawa ta kudancin Afirka, tafiyar da ke ƙara musu kwana goma ko fiye. Jibuti kuwa, ƙanƙanuwar ƙasa, ta ba Amurka, Faransa, Sin da Japan wurin kafa sansanin soja, duk don wannan ƙofa.

Sai batun Maigatari. A nan ban yarda a ɗora wa tekun laifin duka ba. Jirgin da ya taso daga Sin zuwa Legas tun asali ta kudancin Afirka yake bi, ba ruwansa da Suwez. Wanda abin ya fi shafa kai tsaye shi ne Turai, da Masar da kuɗin shigarta na mashigin ya ragu sosai. Mu abin ya iso mana ne ta bayan gida: jirage suka daɗe a hanya, suka yi ƙaranci, kuɗin dako da na inshora suka hau ko'ina. Tsadar taki da man injin ban-ruwa kuwa, cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar naira bayansa sun fi Babul Mandab hannu a ciki nesa ba kusa ba.