Amsa ga Yarona Kan Sinkin Jan Ƙarfe da Ya Sauya Launi

Ɗana, ka tambaye ni game da sinkin jan ƙarfen da muka ɗaura a kicin ɗin wani gida a Gwarinpa, wanda Hajiya mai gidan ta nuna maka cewa ya yi duhu, kuma wani wuri kusa da magudana ya yi haske kamar an kankare shi. Kana so ka san ko ka sa soson ƙarfe ka dirje shi har ya koma yadda ya fito daga kwali. Kada ka kusance shi da soson ƙarfe, domin duhun da ya tayar mata da hankali ba datti ba ne.

Idan jan ƙarfe ya sha iska da danshi, samansa yakan rine a hankali daga ja mai ƙyalli zuwa ruwan ƙasa, wani lokaci har ya kusa baƙi. Tsatsar baƙin ƙarfe tana cin jikinsa har ta huda shi, amma rinin jan ƙarfe yana tsayawa ne a sama, ya zama kariya ga abin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya dirje shi ya cire wannan kariya, ya kuma bar zane a jikin ƙarfe mai laushi, kuma zanen ba ya gogewa. Yawancin waɗannan sinki da hannu ake buga su, a garin Santa Clara del Cobre na ƙasar Meziko ko a Indiya, kuma sawun gudumar da kake gani a jikinsu da launin nan mai duhu su ne abin da mai gida ya biya kuɗi masu yawa dominsa.

Hasken da ka gani kuwa aikin tsami ne. Na tabbata an bar ɓawon lemun tsami, ko ragowar tumatir, ko ruwan tsamiya ko zoɓo ya kwana a wurin, tsamin ya narkar da rinin. Maganinsa shi ne a wanke wurin a ƙyale shi, cikin 'yan makonni launin zai dawo da kansa ya saje da sauran jikin. Amma kafin ka faɗa mata haka, ɗiga ruwan lemun tsami kaɗan a wani ɓoyayyen lungu na sinkin, ka goge bayan 'yan mintuna. Idan wurin ya yi haske, ƙarfen tsirara yake, kuma abin da na faɗa maka ya tabbata. Idan bai sauya ba, to masana'anta ta shafe shi da banish, wato shafi marar launi da ke rufe saman ƙarfe, kuma wurin da ya yi haske banish ɗin ne ya ɓare, wanda gyaransa daban ne.

Kulawar yau da kullum ba ta da wahala: sabulun wanke-wanke na ruwa, da soso mai laushi, da tsumman da za a tsane shi da shi bayan an gama. Tsanewar ce mutane suka fi rainawa, alhali ruwan burtsatse da gidaje da yawa a Abuja suka dogara da shi yakan bar farin tabo idan ya bushe da kansa, kuma inda ruwa yake kwanciya kullum, kamar gindin famfo, nan ne koren tabo yake fitowa. Da hunturu a fara zuba ruwa a kore ƙura kafin a sa soso, saboda ƙurar tana da yashi. Ka gargaɗi masu aikin gidan da babbar murya a kan ruwan bilic, da kanwa, da toka, da maganin buɗe magudana, kuma kada su bar tukunyar baƙin ƙarfe jiƙaƙƙiya ta kwana a ciki.

Idan Hajiya tana son launin ya daɗe yadda yake, a shafa kakin zuma siriri kamar sau ɗaya a wata, a goge da busasshen tsumma. Idan ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a jikinsa, lokacin sabuntawa ya yi. Sai dai ka gaya mata gaskiya cewa jan ƙarfe yana kashe ƙwayoyin cuta ne idan suka taɓa jikinsa kai tsaye, abin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da shi a 2008, kuma kaki ko banish yana shiga tsakani.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyanmu mu masu ɗaurawa. Idan ka je kasuwar Dei-Dei sayen silikon, wato gam ɗin da ake liƙe bakin sinki da shi don kada ruwa ya yoyo, ka guji wanda yake warin tsami idan an matsa shi, domin yana cin jan ƙarfe, ka nemi wanda ba shi da wannan wari. Wajen ɗaure magudana ka sassauta hannu da sufana, saboda ko sinki mai kauri na lamba 14 a ma'aunin kaurin ƙarfe yana iya lotsawa, balle na lamba 16 ko 18 da suka fi shi siranta. Gobe idan ka koma gidan, ka duba ko ruwa yana tsiyayewa duka ko yana kwanciya a gefe ɗaya, ka zo ka faɗa mini, domin idan yana kwanciya to sai mun sake daidaita zamansa.