Shiga dajin da gwamnati ta killace, akwai zunubi?

TAMBAYA: Malam barka da warhaka, dajin da muke farauta da yin itace tun kakanni gwamnati ta killace shi wai ba shiga, ni kuma naji hadisin da yace Musulmi sunyi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, to in na shiga a ɓoye akwai zunubi?

AMSA: Hadisin yana nan, Abu Dawud ya ruwaito shi, amma bai hana shugaba killace wani yanki don amfanin jama'a ba, wannan shi malaman fiƙihu suke kira hima. Annabi (SAW) ya keɓe wani filin kiwo mai suna Naƙi'u saboda dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ma ya keɓe filayen Rabaza da Sharaf. To in dokar don kar namun daji su ƙare ne ko kar hamada ta cinye gonaki, binta wajibi ne, aya ta 59 a Suratun Nisa'i mai umarni da biyayya ga shugabanni ta hau kanka, shiga a ɓoye kuma saɓo ne.

Balle masu kashe giwa don haurenta, wanda tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe ƙarƙashin yarjejeniyar kare namun daji ta CITES, su wannan ɓarna ce a bayan ƙasa ba ma sai an kawo zancen doka ba.

Sai dai fa su ma hukuma da sharaɗi a kansu, kuma nan ne ake yawan yin shiru. Lokacin da Umar ya ɗora baransa Hunayyu a kan hima ce masa yayi ka bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ka kiyayi garken Ibn Auf da Ibn Affan, don su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa wurina zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Kaga kenan a kori mai ɗaurin itacen girki a buɗe wa mai motar katako ƙofa saboda cin hanci, wannan zalunci ne, an juya hukuncin Umar ne kawai.

Don haka ɗan'uwa, farauta da saran ɗanyen ice don sayarwa ka bari. Busasshen itace na buƙatar gida kuwa ku haɗu ku nemi izini a hukumance, haƙƙinku ne ku nema, kuma ku dage a kai.

Wallahu a'alam.