Filin Tambaya da Amsa: Zama da maƙwabta a Sabiya alhali ba a jin yaren juna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Belgrad, babban birnin Sabiya. Ya ce wata tsohuwa maƙwabciyarsa takan ƙwanƙwasa masa ƙofa da faranti a hannu, ko ta yafito shi ya shigo shan kofi. Ba ta jin Turanci, shi kuma bai iya yarensu ba, har ya koma ɓuya don tsoron giya da naman alade. Me zan ce masa? *Daga wata uwa, Ƙofar Doka, Zariya.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ce masa ya daina ɓuya. Sabiyawa ba sa wasa da maƙwabci, wanda suke kira *komshiya*, kuma ƙin amsa gayyatar dattijuwa sau biyu sau uku girman kai ne a wajensu.

Idan ya shiga ya cire takalmi, za a miƙo masa silifas na cikin gida. A gidan tsofaffi akan fara da *slatko*: 'ya'yan itace da aka dafa da sukari suka yi kauri, a cikin kwalba a kan tire tare da cokali da kofin ruwa. Cokali ɗaya ake ɗiba, a kora da ruwan, a jefa cokalin cikin kofin. Ba a mai da cokalin da ya shiga baki cikin kwalbar. Sai kofi, wanda ake tafasa garinsa a 'yar tukunya mai dogon mariƙi ba tare da tacewa ba. Ya jira minti biyu garin ya kwanta, ya riƙa kurɓa, ya bar na ƙasan, in ba haka ba bakinsa zai cika da tsaki.

Inda ake samun matsala shi ne ɗan ƙaramin kofin gilashi mai abu kamar ruwa. Wannan *rakiya* ce, barasar 'ya'yan itace mai ƙarfin kashi 40 cikin 100 ko fiye, kuma ko da safe ana ba baƙo. Kada ya kawo uzurin ciwon ciki ko mura, domin su magani suka ɗauke ta, sai ma a ƙara matsa masa. Ya dafa ƙirji ya ce: "Hvala, ne piyem alkohol, ya sam musliman." Wato na gode, ba na shan giya, ni Musulmi ne. Na alade kuma: "Ne yedem svinyetinu." Maganar ba baƙuwa ba ce a kunnensu, don akwai Musulmi da yawa a yankin Novi Pazar, ga kuma masallacin Bairakli a cikin Belgrad. Ya faɗa ƙarara tun ranar farko, duk abin da ya halatta kuwa ya ci ya yaba.

Aladen da ke ɓoye ya fi na fili haɗari. Ana sa kitsensa a kwaɓin fulawa, ana dafa wake da kyafaffen namansa, niƙaƙƙen naman gashi ma sau da yawa haɗi ne. Mafita ita ce ya tambaya: "Da li ye posno?" Abincin *posno* shi ne na azumin Kiristocin Otodoks, babu nama, babu kitsen dabba, babu ƙwai ko madara. Sai dai ba ya hana a zuba giya a girkin kifi ko a kek, don haka ya tambayi wannan daban.

Faranti kuma ba a mai da shi wayam, kamar dai kwanon abincin sallah a cikin birnin Zariya. Dabino ya isa, ko ƙullin kofi mai giram 200. In zai ba ta girkinsa, ya rage yaji sosai.

Batun yare, ya sauke Sabiyanci a manhajar fassara ta waya, ya riƙa faɗin gajerun jimloli, don dogaye kan fito a birkice. Ya gaishe ta da "Dobar dan", ya kira ta da *Vi* na girmamawa, ba *ti* ba. Hotunan iyali a waya sun isa hirar rabin awa. Ya kauce wa zancen Kosobo da hare-haren NATO na 1999 sai in su suka ɗauko.

Tambaya: Ƙanena da ke Novi Sad an gayyace shi *slava* ranar 19 ga Disamba. Ya je? *Daga Samaru, Zariya.*

Amsa: Slava bikin shekara-shekara ne da gidajen Kiristocin Otodoks na Sabiya ke yi wa waliyyin zuriyarsu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado a 2014, kuma ba kowa ake kira ba. Yana da ɓangaren ibada, wanda akasari akan yi da safe, da walima da yamma. Hukuncin halarta sai ya tambayi malaminsa. In zai je walimar, ranar ta faɗo cikin azuminsu, don haka teburin na kifi ne da wake da kabeji. Ya bar burodin bikin, ana zuba masa giya lokacin yankawa. Ya riƙe cakulan ko furanni, amma adadin furannin ya zama mara, kamar 3 ko 5, domin masu cika biyu-biyu na makabarta ne. Sukan yi gaisuwa da sumbar kunci sau uku; wanda bai so ya riga dafa ƙirji da murmushi. Ya kuma sani cewa slava sau ɗaya ake gayyata, baɗi za a sa ran ganinsa ba tare da an sake kira ba.